Falmaran Mai Silifas Arba'in da Biyu

Duk wanda ya zo shagon nan neman koyo, tambayarsa ta farko ita ce yaushe zai hau keken ɗinki. Wani ma da waya a hannu yake zuwa, ya nuna min bidiyo, wai ya ga ana yanka kaftani cikin minti huɗu. To ku zauna. Tunda yau babu wuta, injin surfani ya yi shiru, bari in ba ku labarin ɗinki ɗaya. Ɗaya tak.

Ni ba da son ɗinki na taso ba. Aji biyu na ƙaramar sakandare na tsaya, kuma ba korata aka yi ba, zaman ne ba na iyawa. Na sayar da ruwan leda, na yi wankin mota, na yi acaɓa har ranar da aka hana babur a garin nan, muka wayi gari muna kallon juna a bakin titi. Kawuna ne ya kama hannuna ya kawo ni nan bayan Kasuwar Kwastam, wurin Oga Kyari. Wata bakwai ban taɓa keke ba. Gawayi nake hurawa a dutsen guga, in yi gidan maɓalli da hannu, in warware ɗinkin da wani ya ɓata. Almakashin can babba da ke rataye, ranar da na yanka kwali da shi sai da na yi sati ban shigo shago ba, a waje nake zama kamar mai gadi.

Shekarar da aka yanke layin waya, Oga Kyari ya kwashe iyalinsa ya tafi Kano, ya bar min makulli da keke biyu. Shekarar nan babu biki mai taro, babu suna mai taro, wa zai ɗinka sabon kaya? Aiki iri biyu ne ya riƙe ni. Na farko sakin wando. Duk mai wandon da bai rufe idon sawu ba yana iya kwana inda bai shirya ba, don haka mutane suka riƙa kawowa a ƙara masa tsawo, wani ma da ƙyalle daban, shuɗin wando da baƙin baki. Na biyu aljihun ƙirji na katin shaida, don kada mutum ya sa hannu a aljihun gefe a gaban soja. Abin da nake yi ke nan safe da yamma, har Alhaji Modu ya shigo da shadda fara yadi goma a hammata.

Alhaji Modu mai sayar da huluna ne a cikin kasuwa, dattijo siriri, gidansa a Jiddari Polo. Tare suka zo da amininsa Malam Bitrus, tsohon akawu daga Moduganari, wanda duk layinmu shi ke karanta mana takardar Turanci.

"Wushe, Bana," in ji Alhaji. Sunana Babagana, Bana ake ce min. "Aiki na kawo maka, amma sai Akawu ya karanta tukuna. Akawu, sa gilashin naka na ƙarya."

"Gilashin ƙaryar ne ya karanta maka takardar filinka," in ji Malam Bitrus, ya zaro ambulan.

Ga abin da ke ciki. Falmata, 'yar Alhaji, likita ce a ƙasar waje, ta auri wani abokin aikinta ɗan Turkiyya. An ɗaura auren a nan ta hannun wakili, dangin miji ba wanda ya iya zuwa saboda halin gari. To yanzu ita da mijin sun shirya iyaye su haɗu, kuma ba a gida ba, a jirgin ruwa na yawon shaƙatawa, kwana bakwai a kan teku. Wani direba ne ya kawo takardun daga Kano. A ciki akwai dokar jirgin. Malam Bitrus ya fassara: akwai dare ɗaya da kyaftin ɗin jirgi ke yin dina da fasinjoji. Maza su sa baƙar kwat da laktaye a wuya, ko kuma cikakkiyar shigar ƙasarsu. Banda gajeren wando, banda silifas. A ƙasa Falmata ta rubuta da hannunta cewa a teburin nan ne surukanta za su fara zama da shi sosai, don Allah Baba ya yi shigar da za su san daga gidan mutunci ta fito.

"In ara maka kwat ɗina," in ji Malam Bitrus. "Tun aurena take, ko asu bai taɓa ta ba."

"In je gaban surukai da wuya a ɗaure kamar akuyar layya? Babbar riga zan sa."

Na ce to ai wannan mai sauƙi ne, na ɗauko tef. Sai da Malam Bitrus ya fita sayen goro, Alhaji ya matso, ya rage murya.

"Bana, ni ruwan da na sani na alwala ne. Ko dam ɗin Alau ban taɓa zuwa ba. Riga biyu nake so a cikin ɗaya. Wadda ba za ta kunyata Falmata ba, da wadda ba za ta kashe ni ba."

Yau da kun ciro waya kun ga hoton jirgin. Mu lokacin nan waya tocila ce kawai. Ba a kiran Falmata, ba a tambayar kowa. Duk layinmu mutum ɗaya ne ya san jirgin ruwa, shi ne Ya Ari mai guga a shagon da ke jikin namu. Masunci ne daga Baga, shekara ashirin a kan tafki kafin rikici ya koro shi. Muka kira shi. Ya zo da dutsen guga a hannu, ya dubi shaddar, ya dubi Alhaji, ya girgiza kai.

"Babbar riga a ruwa? Alhaji, ai likkafani ka kawo a ɗinka maka. Yadi goma in ya sha ruwa ya fi buhun gero. Ko ni na faɗa da ita ba na fitowa."

"To ka ji," in ji Alhaji.

"Ban gama ba. Iska fa? A tsakiyar ruwa babu bango. Iska ta shiga ta ƙasan rigar nan, da jikin nan naka, sai dai a gan ka a sama kamar leda. Sannan cin abinci. A jirgi hannu ɗaya ake ci da shi, ɗayan yana riƙe da gefe. Wa zai riƙa ɗaga maka hannun riga?"

Malam Bitrus ya dawo ya tarar da mu a haka. Ya ce shi a ganinsa jirgin nan ya fi na Baga girma, tunda takarda ta ce akwai teburi.

"Malam, ka taɓa shiga?" in ji Ya Ari.

"A'a."

"Ni na shiga. Girma ba ya hana ruwa zama ruwa."

Daga ranar Ya Ari ya zama injiniyanmu.

Hannun riga shi ne mai sauƙi. Na sa ƙananan maɓallai a ɓoye a kan kafaɗa, ta ciki, yadda in Alhaji ya naɗe hannun ya ɗora zai zauna daram, ba mai ganin abin da ya riƙe shi. Har yau ina yi wa limamai wannan, kuma a aikin nan na ƙirƙiro shi. Hula ce ta kawo rigima. Ya Ari ya ce a sa mata igiya a ɗaure a haɓa. Alhaji ya ce shekara arba'in yana sayar da hula, bai taɓa ganin mai igiya ba sai ta jariri, gara iska ta ɗauke ta ya bi ta. Muka sasanta a kan siririyar roba ta ciki. Maganin iska kuwa, Ya Ari ya kawo dalmar da ake sa wa komar kamun kifi don ta nutse, guda goma sha biyu, kowace kamar ƙwallon dabino. Na jera su a cikin kalmasar ƙasan riga, tazara daidai, na bi da ɗinki. Rigar ta sauka miƙe kamar an zana ta. Wallahi ban taɓa ganin riga mai kyawun zubi irin wannan ba.

Sai babban aikin, abin da zai hana shi nutsewa. Muka yanke shawarar a yi falmaran da zai sa a ciki, a ƙarƙashin babbar rigar, a cusa masa abin da ke tasowa a ruwa. Ni na ce soson katifa. Na ɓata kwana biyu na ɗinka, muka cika baho muka jefa. Ya yi iyo kamar minti ɗaya, muna ta murna, sai ya fara shan ruwa. Muna kallo ya sauka ƙasa a hankali, ya kwanta. Alhaji ya daɗe yana kallon bahon.

"Ni ne wannan?"

"Gwaji ne, Baba Alhaji."

"Na ga gwaji."

Ya Ari ya ce mu bar shirme, a Baga silifas ake yankawa a ɗaura wa koma ta sama, shekara yake yi a ruwa bai nutse ba. Malam Bitrus ya zaro takarda ya nuna da yatsa.

"An rubuta nan, banda silifas."

"A ƙafa suka ce, Malam. Ka ga inda suka ce banda a ƙirji?"

Ladanin masallacin layinmu yana da buhu guda na silifas marasa 'yan'uwa, waɗanda aka bari a ƙofa shekara da shekaru. Ya ba mu duka, har da addu'a. Na wanke su da omo, na yanka kowane kamar girman sabulun wanka. Ku da kuke ganin ɗinki wasa ne, ku gwada yin aljihu arba'in da biyu a falmaran ɗaya, kowane ya matse abin da ke cikinsa, layi ya tafi daidai gaba da baya, kada wani ya yi tudu ya nuna ta saman shadda. Allura biyar na karya. Na yi shi da baƙin kaki mai kauri don ya jure. Sannan dole babbar rigar da 'yar cikinta su ba shi wuri, don haka na ƙara inci takwas a ƙirji, na faɗaɗa wuya kaɗan.

Malam Bitrus ya zo duba aiki, ya ɗaga falmaran, ya ɗaga ƙasan riga.

"Tsaya. Wannan yana ɗaga shi sama, wannan yana jan shi ƙasa. Wa zai yi nasara?"

"Ba wanda zai yi," in ji Ya Ari. "A tsaye zai tsaya a ruwa kamar kwalba. Da mutuncinsa. Hula a kai."

Alhaji ya ce haka yake so.

Abu na ƙarshe ni na ƙara da kaina, kuma na yi alfahari da shi. Ya Ari ya ce dina ai bayan magariba ake yi, in mutum ya faɗa da duhu ba a ganinsa. Sai na samo ƙaramin ƙwan tocila na ɗinke a kafaɗar falmaran, na ja jar waya da baƙa ta gaba zuwa wani aljihu mai batir biyu, na sa maɓallin kunnawa yana lilo a gefe, inda hannu zai kai da sauri.

Mu huɗu manya, a garin nan, a shekarar nan. Kwana tara muna kallon abin nan a kan teburi. Baƙin falmaran, aljihuna a jere cike da abu mai kusurwa huɗu, jar waya, batir, maɓalli. Ba wanda ya ga komai sai silifas.

Ranar Talata aka sa gwaji, Alhamis Alhaji zai hau mota zuwa Kano. Kusa da gidansa a Jiddari Polo akwai masu buga bulo da ke da babban kwatamin ruwa, ya kai wuyan mutum. Alhaji ya ce wanda ya ɗinka shi zai fara shiga. Falmaran kaɗai za a jiƙa, babbar rigar kuwa zai gwada a gida, don shadda in ta taɓa ruwa shekinta ya tafi. Matsalar ita ce kai kayan. Lokacin nan in ka riƙe jaka, kowane shinge sai an zazzage ta a ƙasa an tona da sanda. Farar shadda, an buga ta, an goge, a zazzage min ita a ƙasa? Sai dabara ta zo min. Kayan da ke jikin mutum ba a zazzage su. Na sa falmaran, na ɗora 'yar ciki, na zuba babbar riga, na tare Keke Napep da azahar.

Shinge biyu muka wuce lafiya, har wani ya ce min ranka ya daɗe. A na uku aka ce kowa ya sauka ya taka da ƙafa, hannu a sama. Akwai wani matashi cikin 'yan sa-kai da ke riƙe da na'urar nan da ake shafa wa mutum a jiki. Ya shafa kafaɗa, shiru. Ya sauko ƙasan riga, ta yi ƙara. Ya matsa gefe, ta yi ƙara. Duk inda dalma take sai ta yi kuka.

"Malam, ɗaga rigarka."

Na tattare babbar riga da 'yar ciki na ɗaga har wuya, ina lura kada su yamutse.

Ya kalli ƙirjina. Ya ce innalillahi a hankali, kamar mai gaya wa kansa. Ya ajiye na'urar a ƙasa, ya juya, ya zura da gudu. Wata mai tallan gyaɗa ta yar da tire. Mai Napep ɗinmu ya bar Napep tana aiki ya tsallake kwata. Kan ka ce me, kowa na gudu.

Ni kuma a garin nan na girma. In ka ga ana gudu ba ka tambaya. Na saki riga na bi su. Na waiga ban ga komai ba, na ƙara wuta. Su kuma suka waigo suka gan ni a bayansu, riga na tashi, dalma na dukan ƙaurina, suka ƙara ihu. Wani dattijo da na kusa kamowa yana cewa, "Ka yi can! Don Allah ka yi can!" Na ɗauka hanyar tsira yake nuna min, na ce masa na gode.

Harbi biyu aka yi a sama kafin na tsaya. Na duba, titi fayau, ni kaɗai. Daga bayan buhunan yashi bakin bindiga huɗu suna kallona. A nan ne na sunkuya na dubi ƙirjina, na ga abin da suka gani.

"Kwanta!" Wani hafsa ne, da Hausar bariki. "Kwanta ƙasa!"

"Oga, shadda ce!"

"Me?"

"Ba tawa ba ce! Jibi mai ita zai yi tafiya! Ka bari in cire in rataye, sai in kwanta!"

Na ji suna magana a tsakaninsu. Ina jin ba su taɓa samun mai irin wannan roƙo ba. Aka ce in cire a hankali, in hannuna ya je kusa da wayar nan sai dai uwata ta haifi wani. Na zare babbar riga da 'yar ciki da yatsa biyu biyu, na rataye a jikin Napep ɗin da aka bari, na gyara kafaɗun. Sannan na durƙusa.

"Mene ne a cikin aljihu?"

"Silifas."

"Kai, kada ka yi wasa da ni."

"Wallahi silifas ne, Oga. Na masallaci."

"Waya fa?"

"Ta tocila ce."

"Tocila ta mene?"

"In Alhaji ya faɗa teku a gan shi."

Hafsan ya leƙo daga bayan buhun yashi.

"Wace teku?" in ji shi. "A Maiduguri?"

Aka wurgo min reza daga nesa, aka ce in farke kowane aljihu, in ɗaga abin da ke ciki sama, in jefar. Aikin kwana tara. Na farke na farko, na ɗaga shuɗin silifas. Na biyu, kore. Na bakwai har da sauran hancinsa. Wajen na ashirin na ji wani soja ya fara dariya a bayan buhu, aka daka masa tsawa. Mutanen da suka gudu suka fara leƙowa daga lungu, wata mata tana rantsuwa wai ja ɗin can nata ne, tun azumin bara take nemansa. Da na gama arba'in da biyu aka ce saura ƙarfen da ke cikin riga. Na roƙi a bar ni in warware kalmasar da bakin allura, minti talatin kawai. Hafsan ya ce minti biyu. Da hannuna na tsaga ƙasan farar shaddar nan wuri goma sha biyu.

Aka aika aka zo da Alhaji da Malam Bitrus da takardar. Hafsan ya karanta, ya sake karantawa, ya zauna a kan buhu ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa na rawa. Ashe ɗan bakin teku ne, babansa ma a jirgi ya yi aiki. Ya ce wa Alhaji, "Baba, jirgin nan ya fi kasuwarku girma. Bene ne a kan bene. Ko shayi ka ajiye ba ya zuba. Kuma kowane ɗaki akwai rigar ceto mai launin ruwan lemo, kowa da tasa, kyauta."

Alhaji ya saurara har ya gama.

"Yaro, in ba ya kifewa, me ya sa suke ba kowa rigar?"

Hafsan ya mayar masa da takardar. Ya ce mu kwashe shaddarmu mu ɓace, falmaran kuwa ya zama nasu, kuma in ya sake ganina da ko aljihu uku a jere sai na yi bayani a wani wuri.

Kwana ɗaya da rabi ya rage, ga riga da tsaga goma sha biyu. Tsagar reza a shadda ba ta ɗinkuwa, duk yadda ka yi sai ta nuna. Na yanke yatsa uku daga ƙasa, zagaye ɗaya. Rigar ta ɗage, ta zama ta ƙanin Alhaji. Na ɗauko ragowar yadin, na yanko dogon ƙyalle, na bi zanen shaddar fure da fure har ya haɗu, na jona, sannan na rufe mahaɗin da siririn aikin hannu, farin zare a kan fari. Wanda bai sani ba zai ce ado ne. Ya Ari ya goge ta sau uku. Da Alhaji ya zo gwadawa, tsawo ya yi, amma ƙirji, tunda babu falmaran, inci takwas ɗin nan suka zube masa kamar ya shiga rumfa. Na ce ya ba ni awa uku in rage.

"Bar shi."

"Baba Alhaji, surukai fa. Za su ce aro ka yi."

"Na ce ka bar shi, Bana."

Ya naɗe kayansa ya tafi. Ni dai na san na aika mutum gaban surukansa da rigar da ta fi shi, kuma sunana ne a wuyanta.

Sai bayan wata biyu ya dawo. Ya shigo da Malam Bitrus, Ya Ari ya bar guga ya zo. Alhaji ya zaro hoto daga ambulan ya ajiye a kan keke. Ga wani Bature da fararen kaya da hula mai baki, kyaftin ke nan. Ga Falmata da mijinta. Ga Alhaji a tsakiya, ƙirji a cike, kafaɗa a buɗe, rigar ta zauna masa ɗas kamar gwamna.

"Baba Alhaji, ƙiba ka yi a kwana bakwai?"

"Wace ƙiba? Abincinsu ko gishiri babu. Rigar ceton ce. Ran da muka shiga aka tara mu aka nuna mana yadda ake ɗaurawa, aka ce kowa ya mayar ɗaki. Ni ban ga dalilin mayarwa ba. Na sa ta a ciki, na ɗora 'yar ciki, na zuba riga. Kamar da ita ka auna."

"Falmata ta sani?" in ji Malam Bitrus.

"Sai a teburi. Uban mijin, wani tsoho mai gashin baki, ya taso ya rungume ni. Sai ya tsaya. Ya ja baya, ya ƙwanƙwasa ƙirjina da yatsa kamar mai sayen kankana. Falmata ta gane, ta sunkuyar da kai, na ga kunnenta ya yi ja. Na ce shi ke nan, na kashe yarinyar nan."

"Sai me?"

"Sai tsohon ya kama hannuna ya ja ni wajen kujerarsa, ya ɗaga mayafin teburi. Ga tasa rigar ceton a ƙasa, tsakanin ƙafafunsa, a cikin leda. Ashe mutumin kan dutse ne, shi ma bai taɓa ganin teku ba. Ya gwada sa ta a cikin kwat, kwat ta ƙi rufuwa. Kwana uku yana yawo da ita a leda, matarsa na zaginsa."

Ya Ari ya ce, "Mai hankali."

"Haka shi ma ya ce. Ya sa ɗansa ya fassara min, wai da yana tsoron irin gidan da yaronsa ya shiga, yanzu hankalinsa ya kwanta. Sauran kwanakin tare muke zama, nesa da taga. Ba na jin yarensa, ba ya jin nawa."

Sai ya sa hannu a aljihu ya zaro wani dogon zare mai ƙulli uku, ya miƙa min.

"Irin tawa yake so, fara. Baɗi za su sake shiga, matar ta nace."

Na miƙe zaren a kan tef. Ƙulli na farko kafaɗa, na gane. Na biyu tsawo. Na ukun ya wuce hankali.

"Baba Alhaji, wannan ƙirjin mutum ɗaya ne?"

"Da rigar ceton a jikinsa na auna. Kada ka rage ko inci."